Hanyar Gabas: Daga Magariya Zuwa Makka, Jiya da Yau

Jama'a, a yau babu wani babban gari a ƙasar Magariya ko ta Dungas da za ka shiga ba ka ji ana kiran Alhaji ko Hajiya ba. Je ka Bande, je ka Waca, je ka Kwaya ko Dogo-Dogo, duk za ka same su. A zamanin kakanninmu ba haka abin yake ba. Sai a zaga garuruwa da yawa kafin a sami mutum guda da ya ga Ka'aba da idonsa. Idan an same shi kuwa, tattaki ake yi a je a gaishe shi, a nemi albarka.

Me ya kawo wannan canji? Hanya ce ta gajarta. Amma da hanya ta gajarta sai wata matsala ta taso. Makka kwari ce tsakanin duwatsu. Ba ta da kogi, ba ta da damina irin tamu. Mina ma kwari ce, kuma ba ta ƙara fāɗi don baƙi sun ƙaru. To, yaya za a yi wuri guda ya karɓi duniya kowace shekara, bai lalace ba, baƙin kuma ba su halaka ba? Wannan tambaya ta daɗe. Ga yadda mutanen da da na yanzu suka yi fama da ita.

Masu gyara hanya don na baya

Tsohuwar hanyar mutanen ƙasarmu ta arewa ce. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina, ya bi ta Damagaram, ya kai Agadas. Daga nan sai hamada, sai Gat, sai Murzuk a ƙasar Fazzan, har Masar. A Alƙahira ake haɗuwa da babban ayarin alhazai. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, wannan hanya tana cike da raƙuman fatake. Amma hanya ce ta masu hali. Talaka ba shi da raƙumi, ba shi da kuɗin jagora.

Abin lura a tarihin wannan zamani shi ne, manyan da suka je ba su dawo da tsaraba kaɗai ba. Sukan bar wani abu a can don waɗanda za su zo bayansu. Wajen shekara ta 1250, sarakunan Kanem sun sa an gina masauki da makaranta a Alƙahira don ɗalibai da alhazan ƙasarsu. Askiya Muhammadu, Sarkin Sanwai, ya yi hajji a 1497. Ya sayi lambu a Madina, ya bar shi waƙafi don mutanen Takrur, wato mutanen ƙasashenmu na yamma. Mai Idirisa Aloma na Barno shi ma ya tanadi masauki a Makka don mutanensa.

Waƙafi shi ne ka keɓe dukiya saboda Allah, ba a sayarwa, ba a gāda, amfaninta kawai ake ci. Rijiya, ko gida, ko gona, duk ana iya yi da su.

A cikin masu irin wannan aiki babu kamar wata mace, Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid na Bagadaza. Ta rasu a shekara ta 831. Ta ga yadda ƙishirwa ke wahalar da alhazai. Sai ta zuba dukiyarta aka haƙa magudana, aka jawo ruwa daga duwatsun Wadi Nu'uman har zuwa Arfa. Ta kuma sa an yi rijiyoyi da tafkuna na gini a kan hanyar Kufa zuwa Makka, tafiyar kimanin kilomita 1,400. Ruwan Zubaida ya shayar da alhazai fiye da shekara 1,000. Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya gaba 10 a cikin rairayi, yana zuba mata siminti don kada ta rufta, ya san abin da wannan aiki yake nufi.

Duk da haka zuwan bai zama na kowa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa bai sami zuwa ba. Malaminsa, Malam Jibrilu, ya je har sau 2. Shehu yana tare da shi a Agadas, amma bai bi shi ba don bai sami iznin mahaifinsa ba. Malamai sun sani tun da can, hajji farilla ce sau ɗaya a rayuwa, kuma a kan mai iko.

Hanyar talaka

Hanyar da ta buɗe wa talaka ƙofa ita ce ta gabas, wadda ta ratsa Cadi da Sudan. An daɗe ana bin ta, amma ta cika ne bayan zuwan Turawa. A 1903 Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas, jama'a mai yawa ta bi shi. A watan Yuli na wannan shekara aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya wuce da sauran mutane har Sudan. Suka kafa gari a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Sunan garin Mai Wurno, kuma Hausa da Fulatanci ake ji a cikinsa.

Mutumin ƙasar Magariya yana da zaɓi 2. Ko ya gangara kudu, ya bi ta Gumel da Haɗeja ya shiga Barno. Ko ya hau Damagaram, ya bi ta Gure da Gigimi, ya zaga Tafkin Cadi ta arewa. Daga nan sai Abashe a ƙasar Wadai, sai Jinaina, sai Alfashir a ƙasar Darfur, sai Al'ubayyid. Jirgin ƙasa ya iso Al'ubayyid a 1912. Mai kuɗi sai ya hau. Marar kuɗi ya ci gaba da ƙafa har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar ta haura kilomita 3,000.

Ba a yin ta a shekara guda. Bayan kaka ake tashi, da jaki ko takarkari, da buhun hatsi, da mata da yara. Kafin a tashi mutum yakan biya bashi, ya bar wasiyya, ya zaga dangi neman gafara. Ana kuka kamar an yi mutuwa, don ba kowa ke dawowa ba. Idan damina ta tarar da ayari a hanya sai a tsaya. A ari gona, a yi noma, a girbe, a ci gaba. Wanzami ya yi aski, maɗinki ya yi ɗinki, malami ya yi rubutu, mai ƙarfi ya yi ga-ruwa. Mata su yi fura da ƙosai. Da haka ake tara guzurin zango na gaba. Wasu shekara 3, wasu 7, wasu fiye.

Wa ke kula da wannan hanya? Ba gwamnati ba ce. Zango ne. A kusan kowane babban gari akwai unguwar mutanen yamma, da shugabanta. Shi ke saukar da baƙo. Shi ke nema masa aiki, ya yi masa tafinta gaban hukuma, ya gaya masa inda rijiya ta ƙafe da inda ƴan fashi suke. Idan baƙo ya mutu, zango ke yi masa sutura. Wanda aka saukar bana, in ya zauna, shi zai saukar da wani baɗi. Ba a rubuta wannan doka a takarda ba, amma ta yi aiki shekaru masu yawa.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Ana neman hannu. Masu tafiya hajji suka zama ƴan ƙwadagon tsinkar auduga. Da yawa sun ce za su yi kaka guda su wuce. Sai aure ya zo, sai haihuwa, sai bashi. Har jikokinsu suka girma suna cewa su matafiya ne, suna kan hanyar Makka. Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya zauna da su, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Waɗanda suka ƙetare suka zauna a Makka da Madina da Jidda kuwa, zuriyarsu na nan. Idan ka ji sunan gida Hausawi, ko Barnawi, ko Fallata a Saudiyya, to, asalin daga nan yake.

Mu lura da abu guda. A wancan zamani hanya ita ce mai tacewa. Nisa da wahala su ke rage yawan masu isa. Makka ba ta damu da ƙidaya baƙi ba, don hamada ta riga ta ƙidaya mata.

Cuta da takarda

Inda mutane suka taru daga ƙasa-ƙasa, cuta ma takan zo taro. A 1865 kwalara, wato amai da gudawa, ta faɗa wa alhazai a Makka. Dubbai suka mutu. Masu komawa gida suka kai ta Masar, daga can ta shiga Turai. Tun daga nan hukumomi suka fara sa ido. Aka kafa wuraren tsare matafiya na ƴan kwanaki, a duba lafiyarsu kafin su wuce. Ga mutanenmu, Sawakin ce wurin. A can ake lamba, a can ake biyan kuɗin jirgi da na takarda.

Talaka da ya yi shekaru yana tara ƴan kuɗi, wannan biya ya yi masa nauyi. Sai wasu suka riƙa bin dare. Su sami mai ƙaramin jirgin ruwa na iska, ya ɗauke su a ɓoye daga wani lungu na gāɓa. Wasu sun isa lafiya. Wasu jirgin ya kife da su. Wasu an zubar da su inda babu ruwan sha. Akwai kuma waɗanda aka yaudara aka sayar bayi, musamman yara, don ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a 1962. Mai karatu ya riƙe wannan labari na ɓarauniyar hanya, za mu sake gamuwa da shi a gaba cikin sabuwar riga.

Maganar lamba ba ta wuce ba. Mu a nan mun san sanƙarau, mun san abin da yake yi a watannin zafi. A 1987 ya ɓarke cikin alhazai, shi ya sa aka wajabta allurarsa ga duk mai zuwa. A 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a ƙasar Hausa, Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga. Saboda haka katin lamba ba ado ba ne. Wanda ya sayi kati ba a yi masa allura ba, ya cuci kansa, ya cuci wanda zai kwana kusa da shi a tanti.

Gyaɗa, mota da jirgin sama

Abin da ya cika ƙasarmu da alhazai, gyaɗa ce. Ƙasar Magariya da Matamai na cikin manyan wuraren nomanta a Nijar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwarta ta buɗe. Manomi ya ga kuɗi a hannu, mai awo da mai mota suka yi arziki. A 1948 wasu attajiran Kano, Mahmudu Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai. Manyan motoci suka riƙa bin hanyar Cadi da Sudan. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni.

Ba a daɗe ba jirgin sama ya shigo. Kano ta zama tashar alhazai, kuma ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba bisa ga Yamai. Daga baya kamfanin Air Afrique, wanda aka kafa a 1961 ya kuma rushe a 2002, ya yi ta ɗaukar alhazan Nijar. Abin da kaka ya yi a shekara 7, jika ya yi shi tsakanin hantsi da la'asar. Fārin 1973 da 1974, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, sun karya noman gyaɗa a nan. Amma sha'awar zuwa ba ta karye ba. A Nijeriya kuwa kuɗin man fetur ya zo. A 1977 mutum fiye da dubu 100 suka tashi daga can kaɗai.

Ba mu kaɗai muka sami jirgi ba. Mutanen Indunusiya sun samu, na Pakistan da Turkiyya da Masar sun samu. Wajen 1950 baƙin da ke zuwa hajji daga waje kimanin dubu 100 ne. A 1983 sun haura miliyan 1. A 2012, idan an haɗa da na cikin gida, an ƙidaya fiye da miliyan 3.

Dambu ya yi yawa

Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Aikin hajji ba kamar cin kasuwa ba ne, da wani zai zo da safe wani da yamma, wani ya bari sai mako. Kowa sai ya tsaya Arfa a rana guda. Kowa sai ya bi ta Muzdalifa a dare guda. Kowa sai ya yi jifa a wuri guda. Ka ɗauka an kwaso mutanen Magariya da Dungas kaf, an ninka su 2, an ce su ƙaura tare, su kwana tare, su tashi tare.

A 1988 ministocin ƙasashen Musulmi suka zauna a Amman ta ƙasar Jodan. Suka amince a yi kaso. Kowace ƙasa, a cikin Musulmi 1,000 mutum 1 zai je a shekara. Wannan shi ne asalin kujera da muke ji ana faɗa. Bari mu yi lissafi. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin Magariya da Dungas suna da mutum fiye da dubu 900. In da bisa gunduma ake rabo, da kujerunmu ba su kai 1,000 ba a shekara. A 2023 kason Nijar duka kujera 15,891 ne. Na Nijeriya dubu 95.

Kaso kaɗai bai isa ba. A 1990 mutum 1,426 suka mutu a turereniya cikin wata hanyar ƙarƙashin dutse kusa da Mina. A 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina, ta ci rai fiye da 300. Bayanta aka kwashe tantunan yadi, aka kafa na dindindin waɗanda wuta ba ta ci, aka hana kowa hura wutarsa. A 2006 mutum fiye da 340 suka mutu a wurin jifa. Sai aka rushe tsohuwar gadar, aka gina sabuwa mai hawa 5. Ta nan ake shiga, ta can ake fita, ba a gamo. Kowace ƙungiya da lokacinta na jifa. A 2010 aka buɗe jirgin ƙasa tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa.

Sai ga 24 ga Satumba 2015. Taro biyu suka yi karo a wani titi na Mina. Hukumar Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu. Ƴan jarida da suka tara lissafin ƙasa-ƙasa sun sami fiye da 2,400. Cikinsu akwai ƴan Nijar fiye da 70. Daga Nijeriya an rasa ƴar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, da wasu ɗaruruwa. Ba a fitar wa duniya da cikakken sakamakon bincike ba. A ganina wannan kuskure ne. Wurin na Musulmin duniya ne, kuma iyalan mamata suna da hakkin sanin abin da ya faru. Idan aka duba jerin nan kuma, kusan kowane gyara ya zo ne bayan an yi jana'iza.

Ruwa, nama da inuwa

Rijiyar Zamzam tana nan kusa da Ka'aba, zurfinta kimanin mita 30. A da guga ake zurawa. Yanzu inji ke ja. Akwai ma'aikata masu auna ruwanta kullum, don kada a ja fiye da abin da ƙasa ke mayarwa. A 2010 aka buɗe wurin tace shi da ɗura shi a Kudai. Shi ya sa alhaji ke dawowa da lita 5, ba ganga ba. Mutanen gida kan yi ƙorafi cewa ruwan ya yi kaɗan. Amma mai garka a kwarin Korama ya san in kowa ya kafa injinsa ya ja yadda ya ga dama, kafin bazara rijiya ta koma taɓo. Ruwan wanka da na girki kuwa, daga teku ake tace shi a Shu'aiba, a turo shi cikin bututu.

Sai maganar hadaya. Dabbobi dubu ɗaruruwa ake yankawa a Mina cikin kwana 3. A da yawancin naman ruɓewa yake yi, sai a haƙa rami a binne, ko a ƙone. Ga ƙuda, ga wari, ga asara, alhali ana yunwa a wasu ƙasashe. A 1983 aka damƙa aikin ga Bankin Musulunci na Raya Ƙasa da ke Jidda. Alhaji ya biya kuɗi ya karɓi takarda. A yanka a mahauta, likitan dabbobi ya duba, a sa a sanyi. A ba matalautan Harami, sauran a aika ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. A cikin duk gyare-gyaren da aka yi, wannan ya fi burge ni, don babu wanda ya rasa kome.

Inuwa kuma, abin zai ba ku mamaki. Itacen da aka shuka dubbai a filin Arfa a shekarun 1980, bedi ne, wato dogon yaro, irin wanda ke ƙofar gidan mai gari. An zaɓe shi don yana jure zafi da ƙarancin ruwa. Mutanen Magariya da Matamai da Miriya ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Su ne suka bar gawo ya sake tsirowa a gonakinsu bayan yunwar 1984, har masana suka riƙa zuwa daga nesa suna kallo.

Abin da aka biya

Faɗaɗa wuri yana da farashi. Tun 1955 ake ƙara wa Masallacin Harami girma. Kowane ƙari ya ci unguwanni. A 2002 aka rushe tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa, aka baje dutsen da take kai. A wurin aka gina dogon benen nan mai agogo, mai tsawon mita 601. Manyan masaukai na masu kuɗi suka kewaye Harami. Talaka ya koma nesa, sai ya hau mota kafin ya zo salla. Saudiyya ta ce tana son masu umra su kai miliyan 30 a shekara kafin 2030. Ruwa da shara da wurin kwana na waɗannan duka, sai an nemo musu hanya.

Kuɗin kujera ma ya hau. A 2023 kujerar Nijar ta haura sefa miliyan 3. Buhun gero nawa ke nan? A da hamada ke tace matafiya, talaka mai haƙuri kuma yana iya cin ta da ƙafarsa. Yanzu aljihu ke tacewa, shi kuwa ba a cin sa da haƙuri kaɗai.

Nan ne ɓarauniyar hanya ta dawo. Dillali zai zo har ƙauye. Zai ce yana da hanya mai sauƙi. Zai samo maka bizar ziyara, ka shiga da wuri, ka ɓuya har lokacin hajji. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne, marar izni ba shi da tanti a Mina. Ba shi da mota, ba shi da jirgin ƙasa, kuma tsoron kamu zai hana shi zuwa wurin likita. A watan Yuni na 2024 zafi ya kai awo 51 a Makka. Hukumar Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka mutu. A cikin kowane 100, 83 marasa izni ne, waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana. A 2025 aka tsananta tsaro, aka sa tara har riyal dubu 20 ga wanda aka kama. Alhazan wannan shekara kimanin miliyan 1 da dubu 670 ne.

Abin da ke hannunmu

A Nijar hukumar da ake kira COHO ita ke tsara hajji da umra, tare da kamfanoni masu izni. A Nijeriya NAHCON ce, tun 2006. Mai niyya ya tambayi ko kamfanin yana cikin jerin hukuma. Ya karɓi takardar shaidar biya, ya sa a karanta masa, ko ya karanta da kansa tun da yanzu ya iya.

Akwai wata dabara daga ƙasar Malesiya da ta dace da manoma. A can ma mutanen ƙauye sukan sayar da gona da shanu su tafi Makka, su dawo ba su da abin yi. Wani malamin jami'a, Ungku Aziz, ya ba da shawara a 1959. A 1963 aka kafa asusun ajiya na alhazai, wanda ake kira Tabung Haji. Mutum yana zuba kaɗan-kaɗan. Ana juya kuɗin a kasuwancin halal, ana ba shi riba, har kuɗinsa su cika, layinsa ya zo. Gonarsa na nan. Nijeriya ta fara irin wannan asusu a 2020. A ƙasa irin tamu, inda gonaki suka ƙanƙance don yawan magāda, wanda ya sayar da tasa da wuya ya sake samun wata.

Sai maganar da ba a son ji. Kujera ƙidayayya ce. Wanda ya je sau 10, a shekarar da kujeru suka yi kaɗan, ya zauna ne a wurin wani da bai taɓa zuwa ba. Saudiyya ta hana mazauna ƙasarta maimaita hajji sai bayan shekara 5. Askiya kuwa sau ɗaya ya je, ya bar lambu.

Tsohuwar hanyar gabas kuwa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya bi ta kanta zango-zango. Jinaina, Alfashir, Al'ubayyid, Sinnar, duk sunayen da tsofaffinmu ke lissafawa da daɗin baki, a labarin yaƙi aka riƙa jin su a rediyo. Cikin waɗanda suka gudu daga gidajensu har da jikokin mutanen da suka tashi daga ƙasar Hausa da jaki da buhun hatsi. Wasunsu sun nufo yamma, sun ƙetara iyaka zuwa Cadi ta Adare, ƙofar da kakanninsu suka bi suka shiga.